Ka Karɓi Ruwan, Babana

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya a kujerarka, mota tana tafiya sumul, direba kuma mai hankali ne. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Innarka tana gaishe ka. Ba ta karanta abin da na rubuta ba, ta dai ga na aro biro a wajen liman ta yi murmushi. Ita za ta cusa takardar cikin jakarka, tsakanin sallaya da ƙullin mazarƙwaila, na kuma ce ta gaya maka kada ka buɗe sai kun wuce Zariya.

Shekara ashirin da huɗu ke nan ina kiranka Babana, saboda sunan mahaifina ka ci, bakina kuwa ba ya iya furta shi. To wanda mutum yake kira Babana, akwai maganar da ba ya iya kallon idonsa ya faɗa masa. Shi ya sa tun bayan azahar na taho ƙarƙashin mangwaron nan na bakin fadama, na ɗora takarda a gwiwa. In ka ga rubutun yana hawa yana sauka, laifin gwiwar ne.

Ba zancen aikin da ka samu a Legas zan yi ba. Injuna ka karanta, ka fi ni saninsu, kuma na san ba za ka taɓa kayan kowa ba. Zancen gudun nan ne da ka ce ka sa sunanka, wanda za a yi mako uku bayan saukarka, rabin gudun fanfalaki, kilomita ashirin da ɗaya. Shekara uku kana fita bayan sallar asuba kana bin jar hanyar da ta ratsa gonakin rake, har mutanen Nasarawan Doya sun gaji da tambayata, “Malam Sale, wai me ke bin yaron nan ne kullum?” Ni kuwa in ce musu, “Ku tare abin ku tambaye shi, ni ban taɓa ganinsa ba.” Ana dariya ina dariya. Amma abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, ina son ganinka kana gudun. Sau da yawa ina cikin rake ina sakin ruwa, raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando, ganye yana shafar juna da ƙara kamar yayyafi, sai in ji takunka daga nesa. In tsaya cik. Ka wuce ta gabana ba ka gan ni ba, fuskarka a sake, kamar wanda aka yi wa albishir yake sauri ya kai gida. Nakan daɗe a tsaye bayan ka ɓace, har ruwa ya ƙetare kunyar da nake so ya tsaya.

Saboda haka ƙafarka ba ta ba ni tsoro. Abin da ke ba ni tsoro ɗaya ne: ba ka karɓar ruwa a hannun mutane. Kai da bakinka ka ce a hanyar gudun ana kafa tebura, mutane su tsaya suna miƙa wa masu gudu ruwa a kofi. Tun ranar da ka faɗi haka hankalina bai kwanta ba, domin na san za ka wuce su kana ɗaga hannu kana cewa ka gode. A zafin can, wanda ya yi haka yana iya faɗuwa bai tashi ba. Kuma ni na koya maka wannan halin. Zan zo kansa, amma bari in bi ta hanyar da na fi iyawa, in fara da wautar da na yi wa kaina.

Ina kamar shekarunka na bi wata motar mazarƙwaila daga kasuwar Makarfi zuwa Legas, kwana biyu muna hanya. Muka isa da safe, gari ya yi lumshi, ba rana ko kaɗan. Na dubi sama na ce alhamdulillahi, yau aiki zai yi daɗi. Ka san mu a nan, lumshi hutu ne. Ranar da gajimare ya rufe rana, ranar manomi yake yin aikin kwana biyu. Zafinmu kuma mai gaskiya ne: daga sama yake zuwa, ya buge ka a ka, ka gudu inuwa ya ƙyale ka. Zufa ta fito, iska ta shanye ta, jiki ya yi sanyi. Na can ba haka yake ba. Ka tuna tsayuwa a kan kaskon dafa ruwan rake idan ya tafasa, tururi ya rufe maka fuska har ka ja da baya? To haka garin yake gaba ɗayansa, sai dai babu bayan da za ka ja. Zufa tana fita, amma ba ta bushewa, tana nan a jikinka ba ta yi maka aikin komai ba. Ko mazarƙwailar da muka kai, wadda a nan take wata uku a ɗaka tana nan kamar dutse, kafin mu gama saukewa ta fara gumi tana naso a jikin buhu.

Ni dai ban karanci komai ba. Na ce a bar 'yan dako su huta, ni ma ƙarfina bai ƙare ba, na dinga saɓa buhu ina kaiwa rumfa. Can wata Bayarabiya mai sayar da kayan miya a gefen rumfar ta dube ni, ta ɗebo ruwa a kofin roba ta miƙo.

“Aboki, sha ruwa.”

Maƙogwarona a lokacin kamar an zuba yashi. Amma na yi abin da ɗan gidan mutunci yake yi, na dafa ƙirji na ce, “Na gode, na ƙoshi.” Jira nake ta ce haba, daure dai, in sake ƙi, ta sake matsawa, a na uku in karɓa kamar an tilasta ni. Ai haka ake yi a gida. Ita kuwa baiwar Allah sai ta ɗaga kafaɗa, ta shanye abinta, ta ci gaba da jera tattasai.

Buhu huɗu na ƙara ɗauka. A na biyar sai hayaniyar kasuwar ta yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Sai na ga fadamarmu. Wallahi na gan ta sarai, ruwa yana gudu a hankali tsakanin kunyoyi, garai-garai, har ina hango ƙananan duwatsun ƙasansa, ga inuwar rake tana rawa a kai. Na ji daɗi ƙwarai. Na durƙusa zan sha. Abin da na sani bayan nan shi ne na buɗe ido na gan ni kwance a kan buhuna, an cire mini riga, matar nan tana kwara mini ruwa a ka tana faɗa da yarensu. Da ta ga na farfaɗo sai ta dafe mini ƙeya ta kafa mini kofin a baki, ta ce da guntuwar Hausarta, “Aboki, ruwa ba cizo. Mutum ba ka, ka sha.”

To ka ji. Kada lumshin can ya ruɗe ka, ranar da ba ka ga rana ba ita ce ranar da za ka fi kula. Mako ukun nan kafin gudun, kada ka ce za ka nuna wa garin ko kai wane ne. Ka fita da sassarfa kaɗan-kaɗan, ka bar jikinka ya koyi iskar, kamar yadda ake barin dashe ya kama ƙasa kafin a sa masa taki. Ka dinga shan ruwa tun kwanaki kafin ranar, ba sai ƙishirwa ta kira ka ba, kuma kada ka ƙi gishiri a abinci, don zufar can da shi take fita. Ka kuma riƙe wannan: a can sau ɗaya ake tayi.

Na ga sabon takalmin da ka saya, fari, har yanzu yana cikin kwalinsa. Na san abin da ke ranka, ajiye shi kake yi sai ranar. Bari in ba ka labarin sabon takalmi. Lokacin da za ni gaishe da iyayen Innarka a Saulawa karo na farko, na sayi sau-ciki baƙi a kasuwar Ikara, mai sheƙi, ban taɓa sa shi ba sai ranar. Keke ya yi faci a hanya, na tura shi da ƙafa. Kafin in hango rufin garin duddugena duka biyu sun saɓule. Haka na shiga zauren surukaina ina ɗingishi, takalmi a hannu, ƙura har gwiwa. Innarka ta leƙo ta kafar zana ta gan ni, kuma har yau in ta so tsokana sai ta ce ita tausayi ta aura. A can ma an kawo mini ruwa a sabuwar moɗa na ƙi taɓawa, amma wannan gidan surukai ne, hanyar gudu kuwa ba gidan surukai ba ce. Ka sa tsohon takalminka da ya san ƙafarka. In kuwa sabon kake so, ka fara sa shi tun gobe. Ranar gudu kada ka yi baƙon komai, ko takalmi, ko riga, ko abincin da cikinka bai sani ba.

Yanzu bari in gaya maka zancen Bidi. Ba ka san shi ba, kafin a haife ka ne. Kafin zuwan injin mai shan gas, da doki muke matsar rake. A ɗaura masa dogon itace, ya dinga zagaya injin, ƙarafa suna juyawa, mutum ɗaya yana tura kara, ruwan yana tsiyaya cikin garwa. Bidi ne dokinmu. Ban taɓa ganin dabba mai haƙuri irinsa ba. Ba ya turjiya, ba ya haniniya, ba ya neman a tsaya. In ka sa shi a zagaye, zai yi ta tafiya har sai ka ce ya isa. Kakanka mai sunanka yana da wata ɗabi'a: bayan 'yan zagaye sai ya tsayar da shi, ya cusa hannu ƙarƙashin gezarsa ya shafa wuyan, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu, sannan ya sake shi ko ya kai shi inuwa. Ni a zatona shafar ƙauna ce kawai ta tsofaffi. Ban tambaya ba, shi kuma ba mai yawan bayani ba ne.

Shekarar da kakan naka ya rasu, aikin ya dawo hannuna. Muka makara, sauran rake ya kai mu har cikin bazara. Ranar da nake faɗa maka hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi, gari ya yi nauyi irin na can kudu. Ina so in gama kafin ruwa ya sauko ya ɓata mini tarin kara. Bidi yana ta zagaye. Da hantsi ya jiƙe sharkaf. Wajen azahar na dube shi na ga jikinsa ya bushe, sai na ji daɗi, na ce wa masu taya ni aiki, “Kun ga dokin ƙwarai, ko gumi ya daina yi.” Babana, ashe abin da kakanka yake nema da hannunsa ke nan. Dokin da ke gumi yana da sauran ruwa a jikinsa. Wanda ya bushe cikin zafi ya ƙare. Bai ƙara zagaye goma ba ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, ya kwanta a kan sawun da ya shekara bakwai yana takawa. Muka kwara masa duk ruwan da ke wurin. Ya dube ni da idon nan nasa, ba fushi a ciki, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ruwan sama ya sauko da la'asar, ya same ni zaune kusa da gawarsa.

Na yi kuka ranar, ban ɓoye maka ba. Har yanzu in na bi ta tsohon wurin injin, inda ƙasa ta ɗan lotsa ta yi zobe, ba na taka cikin zoben.

Kai irin Bidi ne. Ba ka ƙorafi, ba ka cewa ka gaji, in ka sa kanka abu sai ka ga ƙarshensa. Mutane suna yaba maka da haka, ni ma ina alfahari, amma a can ba wanda zai cusa hannu ƙarƙashin gezarka. Kai za ka yi wa kanka. In an tashi, za ka ga jama'a sun fita a sukwane kamar an ce ga wuta. Ka ƙyale su su tafi, sannu ba ta hana zuwa. Ka fara da gudun da za ka iya amsa sallama a cikinsa ba tare da haki ba. Lokaci zuwa lokaci ka shafa wuyanka, ka saurari jikinka. In ka ji tsikar jikinka tana tashi kamar kana jin sanyi alhali ana zafi, ko kanka ya fara sarawa, ko jiri, ko zufa ta ɗauke, ko kuma ka fara ganin gida a gabanka kamar yadda na ga fadama, to ka tsaya nan take. Ka nemi inuwa, ka kira masu duba lafiya da bakinka, ka ce ba ka da lafiya. Ba abin kunya ba ne. Gudu ana sake shi baɗi, ni kuwa Babana ɗaya gare ni.

To, na zagaya na zagaya kamar dokin inji, ga shi na dawo kan maganar da nake gudu.

Kana shekara bakwai na ɗauke ka a keke muka tafi Kudan neman irin rake. A dawowa sarƙa ta tsinke, muka taho da ƙafa cikin rana. Ka yi ta bina riƙe da gefen rigata. A bakin wani ƙauye muka iske wata mata tana jan ruwa a rijiya, ga wasu maza uku zaune a gindin tsamiya. Kafin in ankara ka saki rigata ka ruga wurinta. Ba ka ma roƙa ba, tsayawa kawai ka yi kana kallon guga. Ta ɗebo a ƙwarya ta miƙa maka, ka kama da hannu biyu, kana tsaye, kana kwankwaɗa, ruwa yana bin haɓarka yana jiƙa maka riga. Sai ɗaya daga cikin mazan nan ya yi dariya ya ce, “Malam, yaron nan ba a ba shi ruwa a gida ne?”

Wasa yake yi. Yanzu na san wasa yake yi. Amma a lokacin maganar ta soke ni, na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na jingine keke, na isa wurinka, na buge ƙwaryar daga bakinka. Ta faɗi ta tsage biyu. Na ce maka, kuma ina tuna kowace kalma, “Ɗana ba ya shan ruwan hanya a tsaye kamar akuya. In an ba ka, ko za ka mutu, ka ce ka ƙoshi.”

Matar ta ce, “Haba Malam, yaro ne fa.” Ta sunkuya za ta nemi wani abin ta sake ɗebo maka. Kai kuwa ba ka yi kuka ba. Ka goge bakinka da bayan hannu, ka dube ta, ka ce, “Na ƙoshi.” Muka kama hanya. Har muka iso gida ba ka sake kama rigata ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, lokacin na riga na suma a Legas, na riga na binne Bidi. Na san abin da ƙishirwa take yi. Amma dariyar mutum uku da ban san sunansu ba ta fi mini nauyi a kan maƙogwaron ɗana. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na tanƙwara, ya kuma tanƙwaru, sai dai ba inda ya kamata ba. Tun daga ranar ban sake ganin ka karɓi ruwa a hannun wanda ba na gidan nan ba. A wurin biki, a gonar gayya, a gidan ƙannena, kullum sai ka dafa ƙirji ka ce alhamdulillahi. Mutane suna cewa, “Malam Sale ya iya tarbiyya, ɗansa akwai kawaici.” Ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

Bazarar bara ka dawo daga gudu, rana ta riga ta ɗaga. Ina ƙofar gida ina kallo ka wuce ta bakin famfo, masu ɗiban ruwa suna kiranka ka zo ka sha, ka ɗaga musu hannu ka wuce. Leɓɓanka sun yi fari fat. Sai da ka shigo gida, ka nemi wuri ka zauna, sannan ka ɗebi na randarmu. Innarka tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Malam, ga aikinka nan.” Na ce wane aiki? Ta ce, “Kai ka ɗaure shi, ai sai ka kwance shi. Ni na yi iyakar yina, maganata ba ta kai taka ƙarfi ba.” Shekara guda ina juya maganar nan, kullum in ce gobe. Yau ga shi gobe ta ƙare.

Saboda haka ka saurare ni da kunnen da ka saurare ni a bakin rijiyar nan. Na janye maganata. Kuskure na yi, girman kai ne ba tarbiyya ba, kuma ina roƙonka ka yafe mini. Duk teburin da ka iso, ka karɓa, ko kana jin ƙishirwa ko ba ka ji. Kada ka jira a yi maka tayi na biyu. Ko wane ne ya miƙo, mace ko namiji, mai salla ko wanda ba ya yi, ka karɓa. Ka sha kana tafe, ya zube maka a ƙirji, ba komai. Kurɓa za ka yi, ba kwankwaɗa ba, kada ciki ya yi maka nauyi, sauran ka juye a ka da wuya. Na san za ka ce zama a sha shi ne ladabi. Na tambayi liman da zan ari biron nan, ya dube ni ya ce, “Malam Sale, ladabi ne mai kyau, amma ba farilla ba ne, kuma rai yana gaba da shi. Ka gaya masa ya yi bisimilla ya sha.” Sannan ya ƙara da cewa, “Ko kai ne ba ka sani ba?” Na ce na sani, so nake in ji daga bakin wani.

Jiya da rana gyangyaɗi ya ɗauke ni a nan gindin mangwaron. Na gan ka kana gudu a kan wata doguwar gada, ruwa dama da hagu har iyakar gani, sama fari fat ba rana, mutane da yawa suna gudu tare da kai amma ba a jin takun kowa. Ana cikin haka sai rake ya fara tsirowa a gefen titin, dogo, kore shar, yana sunkuyowa yana yi muku inuwa, titin kuma ya koma jar hanyarmu. Sai ga Bidi a gefenka yana sassarfa, ba itace a bayansa, ba igiya, wuyansa jiƙe yana ƙyalli. Na ji wani sanyi a raina da na daɗe ban ji ba. Can gaba na hango tebur, mata biyu a tsaye. Ɗaya Bayarabiyar nan ce da kofinta na roba. Ɗayar matar bakin rijiya ce, riƙe da ƙwaryar, an ɗinke tsagar da zare. Ka matso, ta miƙo hannu. Ina ta ƙoƙarin in ga abin da hannunka zai yi, sai wani ɗanyen mangwaro ya faɗo kusa da kunnena na farka. Na so in koma barcin, ya ƙi.

To ga abin da na yanke. Gobe da safe in ka saɓa jakarka, ka gama sallama da Innarka, za ka same ni a ƙofar zaure riƙe da moɗa cike da ruwan randa. Ban taɓa miƙa maka ruwa da hannuna ba, a garin nan uba ba ya yi wa ɗansa haka, kuma na san maƙwabta da suka zo rakiya za su gani. To su gani. Ba zan ce ka zauna ba. A tsaye zan miƙa maka, sau ɗaya, irin tayin can.

Lokacin da kake karanta wannan ka riga ka san abin da ka yi da moɗar. Ni da nake rubutu ban sani ba, kuma wallahi gabana yana faɗuwa kamar ni zan yi gudun. In ka karɓa ka sha, alhamdulillahi, ka ninke takardar nan ka yi fifita da ita, ta gama aikinta. In kuwa ka dafa ƙirji ka ce mini ka ƙoshi, kada ka damu, ban ji haushi ba, abin da na shuka ne na girba. Sai dai ka sani hannuna bai koma ba. Yana nan a miƙe, ya riga ka isa can. Duk hannun da ka ga ya fito daga gefen titi da kofi ranar gudun, nawa ne, kuma ƙwaryar da na fasa maka ce nake biya.

Rana ta yi sanyi, an kusa kiran la'asar, biron liman ma ya fara gajiya. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka fara lafiya ka gama lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin zafi da sharrin hanya da sharrin girman kai irin na ubanka. Ya sanyaya maka iskar garin, ya ƙarfafa gwiwarka, ya sa albarka a aikinka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe da mutanen da za ka zauna da su. Mun yafe maka duniya da lahira, ni da Innarka.

In an gama gudun ka kira wayar Innarka, zan kasance kusa. Ba sai ka gaya mini na nawa ka zo ba. Ka gaya mini kofi nawa ka karɓa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale mai rake,
Nasarawan Doya.